Tambaya da Amsa: Lambar katsewa ta ƙi daidaita

Tambaya: Ranka ya daɗe, ina rubuta direba (manhajar da ke sarrafa na'ura) a Linux ga wani allon kwamfuta mai guntun ARM da na saya a Computer Village, Ikeja. Takardar guntun ta ce lambar katsewar na'urar (interrupt, siginar da na'ura ke aika wa prosesa don neman kulawa) 77 ce, amma request_irq, umarnin da direba ke neman katsewa da shi, ya ƙi karɓar 77. Ina matsalar take?
Mai karatu daga Agege, Legas

Amsa: Malam, lamba biyu ka haɗa. 77 lambar na'ura ce, wadda GIC (mai kula da katsewa a guntun ARM) kaɗai ya sani, request_irq kuwa lambar Linux yake buƙata. Mai kula da GPIO (ƙafafun guntu na shigar da sigina da fitar da ita) ma yana da nasa lissafin daga sifili, don haka lambobi kan yi karo. Shi ya sa kernel na Linux, wato zuciyar tsarin, ke ba kowane mai kula da katsewa irq_domain nasa, wato teburin da ke haɗa lambobin na'ura da na Linux, inda irq_create_mapping ke ware lambar Linux da babu mai riƙe da ita, ya ɗaura ta da ta na'urar. Idan katsewa ta zo, kernel ya duba teburin, ya kira direban da ya dace.

A device tree (fayil ɗin da ke bayyana wa kernel na'urorin da ke kan allo) rubuta 45, ba 77 ba, domin katsewar SPI (Shared Peripheral Interrupt, katsewar na'urori irin taka) a GIC daga 32 take farawa, kuma kernel ne ke ƙara 32 ɗin. Nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Sannan karɓi lambar Linux daga platform_get_irq, ko gpiod_to_irq idan ta GPIO ce, ka miƙa wa request_irq. Idan platform_get_irq ya dawo da kuskuren -EPROBE_DEFER, mai kula da katsewar bai tashi ba tukuna. Mayar da kuskuren yadda yake, za a sake kiran direbanka.

Kada ka kafe lambar da ka gani a farkon kowane layi na /proc/interrupts (fayil ɗin da ke nuna katsewar da ake amfani da su) cikin direba, tana iya sauyawa da zarar an sauya kernel.