Game da malamin da ke kwaikwayon maganarka a aji

Ɗan'uwa, ka ce malaminku yana kwaikwayon lafazinka a gaban aji ana dariya, kuma kana tsoron kai ƙara kada bizarka ta taɓu. Kwantar da hankalinka, kai ƙorafi ba laifi ba ne.

Fara da rubuta komai a ranar da ya faru: kwanan wata, lokaci, abin da ya faɗa daidai yadda ya faɗe shi, har da wanda ke zaune kusa da kai. Sannan ka tuntuɓi ofishin ɗaliban ƙasashen waje ko ƙungiyar ɗalibai, amma ta imel, don maganar fatar baki saurin musantawa gare ta. Idan a Ingila kake, dokar daidaito ta 2010 ta haramta wariya saboda asalin ƙasa, ta kuma hana a tsangwami wanda ya kai ƙara.