Asfirin da jinin da ya taru a mahaifar mai cikin IVF: amsa ga 'yar'uwa

'Yar'uwa, na ga tambayarki: cikinki na IVF ne (wanda ake haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji sannan a dasa a mahaifa), sati 8, hoto ya nuna jini ya taru tsakanin jakar ɗa da bangon mahaifa, ga shi kina shan asfirin kullum, ki ci gaba ko ki daina. Sannu, Allah ya raba lafiya.

Ni ma na shiga wannan halin. Har yau ina tuna baƙin tabo mai kamar jinjirin wata da likita ta nuna min a allo, tana aunawa, ni kuwa hankalina duk yana kan bugun zuciyar yaron.

Kafin komai, ki tambayi likitarki dalilin da ya sa aka ɗora ki a kan asfirin tun farko. Amsar tana cikin wannan dalilin. Ni an ba ni shi ne kawai don fatan ciki ya kama, ba ni da ciwon daskarewar jini, sai likitata ta dakatar min da shi. Asfirin yana hana ƙwayoyin da ke tsayar da jini mannewa, kuma ko an daina, aikinsa kan ɗauki kwana 7 zuwa 10 kafin ya bar jiki. Wani bincike na 2016 ya gano irin wannan taruwar jini ta fi yawa ga masu shan sa a farkon ciki. Amma mai ciwon antiphospholipid (ciwon da ke sa jini saurin daskarewa), wadda ake haɗa mata asfirin da allurar heparin mai hana daskarewar jini saboda yawan ɓari, tata daban ce, dainawa na iya jawo mata abin da ake gudu. Shi ya sa nake roƙon ki, kada ki yanke hukunci ke kaɗai da dare.

Da jinin ya tsotse, likitata ta mayar da ni kan ƙaramin asfirin bayan sati 12, don kariya daga hawan jinin masu ciki, wanda IVF ke ɗan ƙara haɗarinsa.

Jini mai ruwan ƙasa tsoho ne yake fita, na daɗe ina ganin sa. Mafi yawan irin wannan kan baje kafin tsakiyar ciki. Kada ki daina maganin progesterone ɗinki mai taimaka wa ciki ya zauna, kada ki sha ibuprofen. In rukunin jininki Rh negative ne, ki faɗa wa likitoci saboda allurar anti-D, mai hana jikinki yaƙar jinin jariri. In kuwa jinin da ke fita ja ne sosai, yana jiƙa auduga cikin awa ɗaya, ko kuma akwai ciwon mara mai tsanani ko jiri, ki tafi asibiti a take, ko ƙarfe nawa ne.