Tambaya da Amsa: Daga Ina Bankin Abinci Ya Samo Asali?

Tambaya: Ina yawan jin ana ambaton "bankin abinci" a labaran ƙasashen waje. Shin wane ne ya ƙirƙiro shi, kuma yaya yake aiki? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: An buɗe na farko a shekarar 1967 a birnin Phoenix da ke jihar Arizona ta Amurka, kuma wanda ya kafa shi shi ne John van Hengel, wani ɗan sa-kai a gidan ciyar da mabuƙata. Wata mata mai 'ya'ya da yawa ce ta shaida masa cewa tana ciyar da iyalinta da abin da take tsintowa a kwandon sharar manyan kantuna, abinci mai kyau wanda aka zubar don kawai gwangwaninsa ya lotse ko wa'adinsa ya kusa. Ita ce ta ba da shawarar a samu wurin da masu rara za su ajiye, mabuƙata su ɗiba, kamar yadda ake yi da kuɗi a banki. A ganinmu, ba a cika ba ta haƙƙinta a wannan tarihi ba.

Majami'ar St. Mary ta ba van Hengel wani tsohon gidan burodi ya mayar da shi rumbu, shi ya sa bankin yake ɗauke da sunanta har yau. Aikinsa shi ne tattara abinci daga kantuna da gonaki, sannan ya rarraba wa ƙananan ƙungiyoyin da ke hulɗa da talakawa kai-tsaye.

Daga nan tsarin ya bazu, ya isa Kanada a 1981 da Faransa a 1984, ƙungiyar da ta haɗa bankunan Amurka kuwa ta koma amsa sunan Feeding America a 2008.