Game da yaron da ke aiki a wurinka

Ɗana, saƙonka ya iso, ƙanwarka ta karanta mini shi har sau biyu. Da farko na yi murmushi, don ban taɓa zaton za a wayi gari ana jingina wa mutanen da irin wannan magana ba. Da dare ya yi kuma sai barci ya ƙi zuwa. Ka ce akwai yaro yana aiki a wurinka, addininku ba ɗaya ba, iyayensa sun rasu, abokanka kuma suna ta zuga ka cewa tunda a hannunka yake ci yake sha, ka gindaya masa sharaɗi: ko ya musulunta, ko ya nemi wani wurin. Wai haka magabata suke yi. Kana tambayata ko gaskiya ne.

Waɗanne magabatan? Ni dai bari in ba ka labarin wanda na zauna a gabansa.

Ina ɗan shekara goma sha biyu aka kawo wani yaro gidanmu, sa'ana. Mahaifinsa abokin hulɗar kakanka ne, da ciwon ajali ya kama shi sai ya bar amanar ɗansa a hannunsa. Kirista ne, da wani ɗan ƙaramin gicciye na katako rataye a wuyansa da zare. Ɗaki ɗaya muke kwana da shi da yayanmu, wanda a lokacin ya fara karatu, jininsa na tafasa, yana ganin shi kaɗai ya damu da addini a gidan. Wata rana da daddare, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, yayan namu ya tura yaron waje, ya ce ba zai shigo ba sai ya yi kalmar shahada. Ni aka sa na danne ƙofa. Na danne, ɗana. Har yau ina jin bugun tafin hannunsa a jikin ƙyauren, a daidai kafaɗata. Da sanyi ya ci ƙarfinsa sai ya faɗa, haƙoransa na haɗuwa. Aka buɗe masa, yayanmu ya fizge zaren wuyansa ya jefar a tsakar gida.

Da safe ya tafi wurin kakanka da murna, wai ya kawo albishir. Tsoho bai ce uffan ba. Ya miƙe da kansa ya shiga dube-dube cikin taɓo har ya gano gicciyen, ya wanke shi, ya nemo sabon zare. Ya kira yaron ya tsugunar da shi, ya ɗaura masa da hannunsa, hannun na rawa. Sannan ya dube shi ya ce, "Abin da ka faɗa jiya, kai ka faɗa ko ruwa ne ya faɗa?" Yaron ya sunkuyar da kai, hawaye na zuba. Tsoho ya ce, "Labarin zuciya a tambayi fuska."

Sai ya juyo kanmu. Ya tambayi yayanmu ko ya san Ammar ɗan Yasir. Ya ce ya sani. Ya ce to ba mu labari. Shi da bakinsa ya faɗi yadda mushirikan Makka suka azabtar da gidan Yasir, aka kashe Sumayya, aka matsa wa Ammar har ya furta kalmar kafirci, ya je wurin Annabi (SAW) yana kuka, aka tambaye shi yaya zuciyarsa take, ya ce a natse take da imani. Kakanka ya karanto aya ta 106 ta Suratun Nahli, ya ce, "Allah bai kama Ammar da abin da aka tatsa daga bakinsa ba. To kai wa ya gaya maka zai karɓi abin da ka tatsa daga bakin wannan? Jiya a wane ɓangare ka tsaya, na Ammar ko na masu riƙe da shi?" Bai doke mu ba. Da ma dukan ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Yakan ce baki ana buɗe shi da ƙarfi, amma sakatar zuciya ta ciki take. Kuma shi ya fara gaya mana dalilin saukar ayar nan ta 256 a Suratul Baƙara, "babu tilastawa a cikin addini". Akwai 'ya'yan mutanen Madina da suka tashi a hannun Yahudawan Banu Nadir, kan addininsu. Da aka zo fitar da Banu Nadir, iyayen suka ce ba za su bar 'ya'yansu ba, sai ayar ta sauka. 'Ya'yan cikinsu fa, ɗana. Ina ga yaron da albashi kawai ya haɗa ku?

Da na girma na yi ɗan karance-karance, sai na ga mu ma an yi mana. Garanada, daular Musulmi ta ƙarshe a ƙasar Sifen, ta faɗi a 1492, a 1502 aka ce wa Musulmin Kastila, wata masarauta a can Sifen ɗin, ko su karɓi baftisma su zama Kirista ko su bar ƙasar. Da yawa suka karɓa a baki, suna salla a ɓoye. Masu mulki ba su taɓa yarda da su ba, don sun san yadda aka yi aka samu wannan "imani", har a 1609 Sarki Filib na Uku ya ba da umarnin a kori zuriyarsu baki ɗaya. Shekara ɗari da 'yan kai ana tilas, ga inda aka ƙare. Kuma kada ka ce wasu ne kaɗai ke yi: a 2014 'yan Da'ish sun yi wa Yazidawa, mabiya wani addini daban da ke Sinjar a Iraki, irin wannan da bakin bindiga, suna kiran sunan Allah. Ku 'yan boko kun san sashe na 18 na sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948, mai cewa kowa na da 'yancin tunani da addini. Kakanka bai taɓa jin labarinta ba.

Abin da ke damuna da ku 'yan yanzu shi ne gaggawa. Kuna son a ƙirga, a ɗauki hoto, a watsa a waya a ce wane ya musuluntar da mutum. Wa zai zauna ya yi shekara goma yana kyautata wa mutum, yana cika masa alkawari, yana biyansa haƙƙinsa a kan lokaci, har shi da kansa ya zo yana tambaya? Abokan naka bindiga ba su da ita, amma yunwar maraya ma makami ce, sun kuma san haka, shi ya sa suka ce ka yi amfani da ita.

Yaron nan na gidanmu ya zauna da mu har ya yi aure. Ranar da kakanka ya rasu ya fi mu kuka. Ni kuwa sai da muka yi furfura na iya buɗe baki na nemi gafararsa kan ƙofar nan, ya ce ya manta, amma na ga idonsa.

Idan za ka zo ƙarshen wata, ka taho da yaron, ina son in gan shi. Duk tsawon saƙonka ba ka ko faɗa mini sunansa ba.