Don me ake auna laka in ana zare bututu?

Kai yaro, ka ce tunda ga injin rufe rijiyar mai zaune a ƙasan teku, don me za a tsayar da kai gaban ƙaramin tanki kana rubuta lita nawa na laka ta shiga rijiya in ana zare bututu? Wai aikin ɓata lokaci. Ka baro Garwa za ka hau jirgin haƙa a tekun Duwala da wannan tunanin?

Yadda ake ɗaure bututu ba zan koya maka ba, mai haƙa burtsatse a Marwa ma ya sani. Abin da ke danne gas a ƙasa nauyin laka ne, wato ruwa mai kauri da ake cika rijiya da shi. Laka mai nauyin ninki 1.2 na ruwa a zurfin mita 3,000 tana danna wajen bar 350 (bar ma'aunin matsi ne). In ka zaro bututu mai inci 5, kowace mita tana barin gurbin kusan lita 4, wato jeri ɗaya na sanda uku ya ci wajen lita 110. Rijiya ta sha ƙasa da haka? To wani abu ya shigo daga ƙasa ya cike gurbin. Saurin zarewa ne ke jawo shi, kamar ka ja sirinji. Tsaya nan take, ka kashe famfo, ka zuba ido kwatan awa. In tana tsiyaya da kanta, a rufe. Gas ɗin da ya shigo kaɗan a can ƙasa, kafin ya iso sama ya kumbura ninki ɗaruruwa.

Har yau in na tuna rijiyar Macondo raina ɓaci yake. Tekun Meziko, 20 ga Afrilu 2010, ita ma rijiyar bincike ce, ruwa mai zurfin wajen mita 1,500. An gama haƙa, an zuba siminti, aka zo gwajin ko rijiya ta toshe. Agogon matsi na bututu ya nuna psi 1,400 (shi ma ma'aunin matsi ne), na wani layin da ke haɗe da rijiyar bai nuna komai ba. Maimakon su tsaya su binciko dalili, manya suka ƙirƙiro wa kansu bayani, suka ce gwaji ya yi kyau. Suka ci gaba da fitar da laka mai nauyi suna cusa ruwan teku a madadinta. Da rana kuma an yi ta juye laka cikin jirgin da ke gefe, lissafin tankuna ya rikice. Rijiya ta yi wajen minti 40 tana turowa ba wanda ya farga. Lokacin da aka taɓa injin da kake taƙama da shi, gas ya riga ya wuce shi. Mutum 11 suka rasu, Allah ya kiyaye, jirgin haƙa ya nutse bayan kwana 2, mai ya yi kwana 87 yana kwarara.

Ku yaran yanzu ido na kan waya, kun sakar wa kwamfuta komai. Riƙe takarda da biro, kowane jeri biyar ka kwatanta abin da ya kamata ta sha da abin da ta sha. In sun saɓa, kira direban haƙa ko da zai zage ka.