Tsofaffin takardun hannun jarin kuza: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Na ga ana gwanjon takardar hannun jari ta kamfanin Naraguta a intanet, mai shekara fiye da 100. Kakana ya yi aikin kuza a Jos, shi ya sa raina ya biya. In saya? Kuma za ta yi daraja nan gaba? Daga wani mai karatu a Bukuru.

Amsa: Malam, idan don tarihi ne, saya. Idan kuma riba kake hange, ka riƙe kuɗinka. Irin waɗannan takardu an buga su da yawa, masu nemansu kuwa ƙalilan ne, don haka farashinsu ba ya wani motsi.

Amma tarihin da ke bayansu ba ƙarami ba ne. Wajen 1910 zuwa 1912 kasuwar hannun jari ta Landan ta ruɗe da kuzar Filato, aka yi ta buɗe kamfanoni da sunayen garuruwanmu: Naraguta, Bisichi, Ropp. Wasu sun haƙi kuza da gaske, wasu kuwa daga suna sai takarda. Saboda kuzar nan aka shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya, ya isa Bukuru a 1914. A takardar za ka ga sunan Baturen da ya zuba jari, da yawan hannun jarinsa, da sa hannun daraktoci. Ba za ka ga sunan leburan da ya ɗauki kwanon ƙasa a kai ba, balle dubban mutanen da aka ɗebo aikin tilas tsakanin 1942 da 1944, bayan Jafan ta ƙwace kuzar Malaya (a ƙasar Malesiya ta yau). Da ni ne, zan ajiye ta tare da hoton kakan naka, in rubuta abin da dattawan gida ke tunawa na sansanin da ya zauna.

Kafin ka biya, sa mai sayarwa ya turo hoton gaba da baya. Wadda aka cika da suna da kwanan wata da tawadar hannu ta fi wadda ba a taɓa bayarwa ba. Ƙananan hujoji ko hatimin sokewa ba aibi ba ne, alama ce kawai an mayar wa kamfani da ita. Hatimin kamfani na matsi yakan yi tudu, yatsa na jin sa. Idan ta iso ka ji ta sumul ko'ina, ka yi zargin hoto ne aka bugo maka.

Tambaya: Na tsinci irin wannan takarda a akwatin marigayi mahaifina, da sunansa a kai. Akwai kuɗi a ciki? Daga wata baiwar Allah a Kaduna.

Amsa: Hajiya, Allah ya jiƙan Baba. Kada ki sayar tukuna. Yawancin kamfanonin kuza sun mutu, musamman bayan faɗuwar farashinta a 1985, amma ba duka ba. Bisichi, da aka kafa a 1910, yana nan da ransa, yana haƙar kwal a Afirka ta Kudu. Idan a Ingila aka yi wa kamfanin rajista, duba sunansa a shafin Companies House, ofishin rajistar kamfanoni na can, kyauta ne. Idan na gida ne, ki je wajen dillalin hannun jari mai lasisi. In jarin na raye, dukiyar gado ce, ta shiga lissafin magada, ba taki ba ce ke kaɗai.

Tambaya: In kai irin wannan takarda shago a manne mini ita da roba don kada ta yage?

Amsa: A'a, don Allah. Zafin injin da gam ɗinsa sukan lalata takarda, kuma masu tara irin waɗannan kaya ba sa son wadda aka yi wa haka. Kada ka liƙa mata salatif, kada ka ƙara ninke ta. Shimfiɗe ta tsakanin fararen takardu masu tsabta, nesa da rana da danshin damina, kana leƙawa jefi-jefi saboda gara.