Tambaya da Amsa: Ragowar dankali da kabeji irin na Ingila, da gahawar da ba ta ɗaci

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matar aure ce, muna zaune a Landan. Wata dattijuwar maƙwabciyata Baturiya ta ba ni wani abinci da ta kira bubble and squeak, na dankali da kabeji, gefensa ya soyu ya yi ja. Na gwada nawa, sai ya zama kamar fate, rabinsa kuma ya kama kwanon suya. Sannan maigida ya sayo tulun gilashin nan na haɗa gahawa, amma kullum ɗaci take yi. Ina nake kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Bari mu fara da dankalin, don a nan aikin ya fi yawa.

Abincin nan na ragowa ne, kuma wannan shi ne sirrinsa. A al'adar Ingila ana yin babban girki ranar Lahadi, gasasshen nama da dankali da ganyaye, abin da ya rage sai a soya shi ranar Litinin. Haka ake yi ranar 26 ga Disamba da ragowar abincin Kirsimeti. A da ma ba dankali a cikinsa. A littafin girkin Maria Rundell na 1806, naman sa ne da kabeji ake soyawa. Daga baya dankali ya maye gurbin naman, musamman a shekarun yaƙin duniya na biyu da bayansa, lokacin da ake raba wa mutane nama da awo har zuwa 1954. Ki lura, duk kayan sun dahu tun jiya, sun kwana a sanyi, sun tsane. Ina kyautata zaton ke kin dafa naki ne a take, kika zuba a kwano da zafinsa da ruwansa. Dankali mai zafi yana ɗauke da tururi, kabejin da aka tsamo yanzu kuwa cike yake da ruwa. Ruwan nan shi ke hana suya. Maimakon abin ya soyu, sai ya riƙa dahuwa yana narkewa.

Saboda haka, idan ba ki da ragowa, ki dafa tun da safe don girkin dare. Ki samu dankalin turawa rabin kilo, irin mai gari-gari. A shagunan Ingila ki nemi Maris Piper ko King Edward. Ƙananan nan masu santsi na salak ba sa haɗe jikinsu. Ki dafa da gishiri, ki tsiyaye, ki bar shi a buɗe tururin ya fice, sannan ki farfasa da cokali mai yatsu. Kada ki sa shi a injin markaɗe, zai yi yauƙi. Kada kuma ki zuba madara. Kabeji kamar giram 250 ya isa, wato rabin nauyin dankalin. Ki yanka, ki tafasa minti huɗu ko biyar, ya huce, ki matse shi da hannu sosai har sai ruwa ya daina ɗiga. Mutane da yawa nan suke yin sakaci. Idan akwai ragowar karas ko koren wake, ki yayyanka ki haɗa, amma dankali ya fi rinjaye, don shi ne ke riƙe sauran.

Akwai wata magana da ta shafe mu. Turawa da yawa suna soya shi da kitsen da ya tsiyayo daga gasasshen nama, wasu kuma da kitsen alade ko guntayen namansa, musamman a ƙananan gidajen cin abinci da ke sayar da shi da karin kumallo. Ba laifi ba ne ki tambayi maƙwabciyarki da me ta soya, cikin ladabi. A gidanki kuwa, bota da ɗan man gyaɗa sun wadatar. Man shanu ma yana yi, ni na fi son sa a nan, don yana jure wuta fiye da bota kuma ƙanshinsa yana tafiya da kabeji.

Ki soya albasa ɗaya har ta yi laushi, ki juye ta cikin dankalin da kabejin, ki sa gishiri da masoro, ki cuɗa. Ki ɗora kwanon suya mai kauri, ki zuba mai cokali biyu, ki bari ya yi zafi sosai kafin ki zuba haɗin. Ki danne shi ya baje, kaurinsa kada ya wuce yatsa biyu. Daga nan ki janye hannunki. Wuta matsakaiciya, minti takwas zuwa goma, ba juyawa. Na san hannun mai girki ba ya son zama, an saba ana motsa miya kada ta kama, amma a wannan abincin ƙanzon ake nema. Abin da kika ga ya manne wa kwanonki, da kin ƙara haƙuri, da ya ƙarasa soyuwa ya saki da kansa. Idan gefe ya yi ja, ki juya shi gutsure-gutsure, ki tura ƙanzon ciki, ki sake dannewa, ki ba shi wasu mintuna takwas. Ba dole ba ne ya fito a dunƙule. Waɗanda suka iya shi sukan maimaita juyin nan sau biyu ko uku don ƙanzo ya ratsa ko'ina. A ɗora soyayyen ƙwai a kai, a ci da zafi. Idan bakinki ya saba da yaji, ɗan attaruhu a cikin albasar ba zai ɓata komai ba.

Tunda ragowa ce, a kiyaye: ta shiga firij da zarar ta huce, a yi amfani da ita cikin kwana biyu, kuma sau ɗaya ake sake ɗumamawa, har tsakiya ya yi zafi.

Sai gahawa. Tulun da maigida ya sayo, mai matatar ƙarfe da ake dannawa, shi ne Turawan Ingila ke kira cafetière. Abu na farko da zan duba shi ne niƙan. Wannan tulun yana son ɓarjajjen gari, kamar tsakin masara. Idan kun sayi mai laushi da aka niƙa don espresso, wato gahawar nan mai ƙarfi da ake haɗawa da inji, ruwa zai tsotse shi fiye da kima, ya kuma bi ta ramukan matatar ya zauna a ƙasan kofi. Ki duba jikin ledar, yawanci ana rubuta na'urar da aka niƙa shi dominta. Lambar ƙarfi da ake bugawa a jiki kuwa yawanci tana nuna yadda aka gasa ƙwayar ne. Mai lamba biyar ta gasu har ta yi baƙi, ɗaci halinta ne. Ku gwada mai lamba uku.

Awon shi ne giram 30 na gari ga rabin lita na ruwa, kusan babban cokali biyar a cike. Idan ruwa ya tafasa, ki sauke ki jira kamar minti ɗaya, don ana son zafinsa tsakanin digiri 90 da 96. Ki zuba, ki rufe ba tare da dannawa ba, ki duba agogo: minti huɗu. Sai ki motsa saman kaɗan, ki danna a hankali, ki juye duka a kofuna ko a filas nan take. Barin ta cikin tulun a kan garin, ana hira ana ɗiba kaɗan-kaɗan, shi ke sa kofi na biyu ya fi na farko ɗaci. Idan kin bi wannan ta fito da tsami-tsami ba ƙarfi, ki ƙara mata minti ɗaya ko ki sa gari mai ɗan laushi.

Ruwan famfon Landan yana da yawan alli, shi ne farin abin da kike gani a cikin butar lantarki, kuma yana dushe ɗanɗanon gahawa. Jug mai tace ruwa yana taimakawa. Garin kuma a ajiye shi a gwangwani mai murfi cikin kabad, ba a firij ba, don yana jan danshi da warin albasa. Ku riƙa sayen ƙaramar leda wadda za ku shanye cikin mako biyu ko uku. Matatar ma tana kwancewa, ki warware ta ki wanke da sabulu, don tsohon man gahawa da ke maƙalewa a ciki yana da nasa ɗacin. Idan maigida yana son ta da citta irin yadda 'yan Sudan ke sha, ki zuba ɗan garin busasshiyar citta, kamar kwatan ƙaramin cokali, tare da garin gahawar kafin ruwa ya shiga.